Ina sauran 64K ɗin suka shiga? Amsa ga ɗalibin da ke son dasa tsohuwar kwamfuta a Arduino

Wani ɗalibi ne daga Aliero ya aiko mini da tambaya mai rassa. Ya ce: "Malam, na sauke manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64 a wayata. Sunan na'urar ya nuna 64K ce, amma da ta buɗe sai ta rubuta 38911 BASIC BYTES FREE. Ko manhajar ce ba ta da kyau? Wayata RAM ɗinta gigabayit 4 ne, babu yadda zan ƙara mata? Sannan wasu wasannin suna sarƙewa, sauti yana yankewa. Ina so in yi furojet ɗina na ƙarshe a kan wannan, in dasa ta a Arduino Uno."

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Manhajarka lafiyarta ƙalau. Wannan lamba 38911 ita ce ma shaidar cewa tana aikinta daidai, domin duk wanda ya kunna Commodore 64 ta gaske tun daga 1982 da ta fito, lambar da ta tarbe shi ke nan. Da ka ga wata lamba daban, to a nan ne za ka yi zargi.

Bari mu fara daga tushe. Furosesar da ke cikin na'urar, MOS 6510, tana kiran kowane gurbi na ƙwaƙwalwa ne ta wayoyi 16. Kowace waya hali biyu gare ta, ko da wuta ko babu. In ka riɓanya biyu da kanta har sau 16, za ka samu 65,536. Iyakar abin da za ta iya kira da suna ke nan. Ka ɗauka kasuwa ce, sarkin kasuwa yana riƙe da littafin da ke da lambobi daga 0 zuwa 65,535, kowace rumfa da lambarta, kowace rumfa bayit ɗaya take ɗauka. Ko ka gina wasu rumfuna dubu a bayan katanga, ba shi da layin da zai rubuta su a littafin, don haka a wurinsa babu su.

To matsalar ita ce ba RAM kaɗai, wato ƙwaƙwalwar da ake rubutawa a goge, ke neman rumfa a wannan kasuwa ba. Lambobi 2,049 na farko na'urar ta riƙe wa kanta: akwai wurin da furosesa ke ajiye lissafinta na gaggawa, akwai bayit 1,000 na rubutun da ke kan allo, wato layi 25 mai harafi 40 kowanne, wanda ya fara daga lamba 1024. Daga 2049 zuwa 40959 fili ne naka, ka rubuta shirinka na BASIC, harshen rubuta shirye-shirye da na'urar ta zo da shi. Ƙirga shi da kanka, 38,911 ne cif. Daga 40960 sai shi kansa harshen BASIC ɗin ya zauna, bayit 8,192 da aka ƙona a ROM, ƙwaƙwalwar da ake karantawa kawai ba a rubutu a cikinta. Bayansa akwai wani ɗan fili na bayit 4,096 da ya fara daga 49152, RAM ne na gaske kuma babu kowa a ciki, amma da yake ROM ɗin BASIC ya raba shi da babban fili, BASIC ba ya lissafa shi. Masu rubutu da harshen inji sun so wannan lungu ƙwarai, shi ya sa za ka riƙa cin karo da SYS 49152 a tsofaffin shirye-shirye. Sai wasu 4,096 daga 53248, inda IC (ƙananan na'urorin lantarki da ke cikin kwamfutar) na hoto da na sauti da na mu'amala da maɓallai da faifai suka kafa teburansu. Na ƙarshe, 8,192 daga 57344, ROM ne na tsarin gudanar da na'urar, wanda kamfanin ya kira KERNAL. Haɗa su duka, za ka dawo 65,536, ko bayit ɗaya bai ɓata ba.

Za ka ce to ashe ƙarya suka yi da suka ce 64K RAM. Ba su yi ƙarya ba, kuma nan ne wurin da nake so ka tsaya ka fahimta sosai. RAM ɗin cikakken kilobayit 64 ne, yana nan shimfiɗe daga farkon kasuwa har ƙarshenta. ROM ɗin tabarma ce aka shimfiɗa a kan wani sashensa. In furosesa ta zo karatu a 40960, tabarmar take gani. In ta zo rubutu, ROM ba ya karɓar rubutu, sai abin ya zarce ƙasa ya sauka a RAM ɗin da ke ƙarƙashi. Kuma ana iya naɗe tabarmar. Maɓallin naɗewar yana a adireshi na 1. Gwada wannan a wayarka: rubuta FOR I=40960 TO 49151:POKE I,PEEK(I):NEXT ka danna shiga, ka ba ta lokaci, za ta ɗan jima. A ido kamar aikin banza ne, ka ɗauki abu ka mayar inda yake. A zahiri kwafe tabarmar kake yi zuwa dandamalin da ke ƙarƙashinta. In ta gama, rubuta POKE 1,54. Ka naɗe ROM ɗin BASIC ke nan, na'urar tana ci gaba da aiki da kwafin da ke RAM, wanda yanzu za ka iya gyara shi yadda ka ga dama. In kuwa ka yi POKE 1,54 ba ka fara kwafewa ba, ka janye tsanin da kake tsaye a kai ne, za ta rikice. Masu rubuta wasanni ba sa buƙatar BASIC ko kaɗan, don haka sukan naɗe tabarmin su mamaye kusan duk filin.

Wani abin dariya tun da kana wurin: rubuta PRINT FRE(0) da zarar ta buɗe. Za ta ba ka -26627, kamar ana bin ta bashi. Lambar da ta wuce 32,767 ce take juyewa ta koma ta bashi saboda yadda aka rubuta wannan umarni. Ƙara 65,536 a kai ka ga amsar gaskiya. Manhajar kwaikwayo ta ƙwarai dole ta maimaita har wannan kuskure.

Yanzu batun gigabayit 4 ɗinka. Wani abin sha'awa, gigabayit 4 ya ninka kilobayit 64 sau 65,536 daidai, wato wayarka za ta iya ba kowace rumfa ɗaya ta waccan kasuwa kasuwa sukutum. Amma ba zai amfane ka da komai ba, domin abin da manhajar ke kwaikwayo furosesa ce mai wayoyi 16, littafin sarkin kasuwa bai ƙaru ba. Ko a wancan zamani an sayar da ƙarin ƙwaƙwalwa da ake soka wa na'urar ta baya. Commodore sun yi samfurin 1764 mai kilobayit 256 da 1750 mai 512, kuma VICE, wadda ita ce fitacciyar manhajar kwaikwayon wannan na'ura, tana iya kwaikwayonsu in ka kunna a saiti. Sai dai wannan ƙari sito ne a bayan kasuwa. Furosesa ba ta ganinsa, sai dai ta aika a ɗebo kaya daga can a zuba a rumfunan da ta sani, ko a kwashe na nan a kai can. Shirin da ba a rubuta shi da sanin sito ba, ba zai taɓa aikawa ba. Kunna shi ka sake tayar da na'urar, 38911 ɗin nan za ka sake gani.

Ni ba da Commodore na fara ba. Kwamfutar da na fara taɓawa ZX Spectrum ce ta kamfanin Sinclair, wani yayana ne ya dawo da ita daga karatu a Ingila, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato, kafin a yanka jihar Kebbi a 1991. 'Yar ƙarama ce mai maɓallan roba, a talabijin ake jona ta, shirye-shiryenta kuma a kaset suke, irin kaset ɗin da ake sauraren wa'azi da shi, da rikodar gida muke loda su. Wasa ɗaya yakan ci minti huɗu zuwa biyar yana ƙara kamar gyare, kana zaune kana addu'ar kar a ɗauke wuta. Akwai ranar da na kwana biyu ina kwafe wani shiri daga mujalla harafi bayan harafi, ban adana a kaset ba, aka ɗauke wuta ina layin kusa da na ƙarshe. Tun daga ranar ban sake mantawa da cewa RAM ba ya riƙe amana in babu wuta ba.

Na kawo Spectrum ne saboda ita ta fi nuna yadda ƙarancin wuri ya sassaƙa kamannin waɗannan na'urori. Ita ma a 1982 ta fito, furosesarta Z80 ce, ita ma wayoyi 16, an raba mata kilobayit 16 na ROM da 48 na RAM a babban samfurin. Allonta ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye. Riɓanya su ka samu 49,152. Da za a ba kowane ɗigo bayit ɗaya don ya zaɓi launinsa, da hoton kaɗai ya cinye kilobayit 48 ɗin ƙaf, ba a bar wa shiri ko bayit ɗaya ba. Sai suka yi dabara. Kowane ɗigo aka ba shi kashi ɗaya cikin takwas na bayit, ko a kunne ko a kashe, ya kama 6,144. Launi kuma aka raba allon gida-gida, ɗigo takwas-takwas, gida 768, kowane gida bayit ɗaya da ke faɗin launi biyu kacal da aka yarda su zauna a cikinsa. Jimla 6,912. Shi ya sa in ɗan mutum ja ya bi ta gaban koren bango, ko dai bangon ya yi ja a wannan gida ko shi ya koma kore. Yaran yanzu in sun gani a manhajar kwaikwayo sai su ɗauka matsalar wayarsu ce. Haka aka haife ta.

Kuma ita Spectrum mai wadata ce in ka kwatanta ta da yayarta ZX81 ta 1981, wadda kilobayit ɗaya tak ta zo da shi. Wannan amsa da kake karantawa ta ninka shi fiye da sau goma. Duk da haka David Horne ya cusa mata wasan dara na Turawa, mai sarki da sarauniya, a cikin bayit 672. Wanda ya fi burge ni shi ne Elite, da David Braben da Ian Bell suka fitar a 1984 a kan BBC Micro mai kilobayit 32. Wasan yana da duniyoyi 2,048, rukuni takwas mai 256 kowanne, kowace da sunanta da irin tattalin arzikinta da gwamnatinta. Babu wurin ajiye wannan jeri. Abin da suka ajiye bayit shida ne da wata ƙa'idar lissafi da ke jujjuya su, kowane juyi ya haifar da duniya ta gaba. Ba hatsin suka zuba a rumbu ba, irin suka ajiye, duk lokacin da ake buƙata sai a shuka nan take. In kana karatun injiniya ne da gaske, wannan dabara ta fi wasan kansa amfani gare ka.

To mu zo ga sarƙewa. Mutane da yawa suna ɗauka RAM ne ya yi wa wayarsu kaɗan. Ba ruwan RAM a nan, lokaci ne. Manhajar kwaikwayo tafinta ce. Ka tuna zaman sulhu a Zuru inda dattijo ke magana da Dakarci, tafinta na juyawa zuwa Hausa: sai ya ji, ya gane, ya nemo kalma, sannan ya faɗa. Haka manhajar ke ɗauko umarnin 6510 ɗaya, ta duba ko wane ne, ta aiwatar da shi da umarni masu yawa na furosesar wayarka. Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi ne, domin 6510 bugun agogo, wato takun aiki, kusan miliyan ɗaya take yi a daƙiƙa, wayarka kuma tana yin sama da biliyan.

Wahalar ita ce ba mutum ɗaya tafintan ke yi wa aiki ba. IC ɗin hoto, VIC-II, da furosesa rijiya ɗaya suke ja, RAM ɗaya suke karantawa, bi da bi. A na'urar da aka yi wa talabijin irin namu na PAL, kowane layin hoto bugu 63 ne, layi 312 ne ke yin hoto ɗaya, hoto 50 a daƙiƙa. Kuma duk bayan layi takwas a cikin filin rubutu, VIC-II takan ƙwace gugar gaba ɗaya ta tsayar da furosesa na bugu 40 da 'yan kai don ta ɗebo haruffan layi na gaba. Masu rubuta wasanni sun haddace wannan jadawali kamar yadda mai noman rani a fadama ya san ranar da ruwa zai zo layinsa. Da yake ba su da wuri, sai suka koma cin riba daga lokaci. Na'urar 'yan hotuna masu motsi takwas kawai take iya riƙewa, to sai su jira hasken talabijin ya gama zana na sama, su yi wuf su sauya musu wuri da kama su sake amfani da su a ƙasan allo, mai kallo ya ga goma sha shida ko fiye. Irin wannan shiri in manhajar ta yi kuskuren bugu ɗaya, hoto ya wargaje. Don haka dole tafinta ya matsa da furosesa bugu ɗaya, ya juya ga VIC-II ya matsa da ita, ya juya ga IC ɗin sauti SID, ya duba agogunan ciki, sannan ya dawo, sau kusan miliyan a kowace daƙiƙa, ba tsallake. In wasan daga faifai yake, akwai ƙarin baƙo: na'urar faifai ta 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, da furosesarta 6502 da RAM ɗinta kilobayit 2, kuma wasanni da yawa suna tura mata nasu shirin don ta yi sauri, saboda a yadda ta zo 'yan ɗaruruwan bayit take turowa a daƙiƙa. Ita ma sai an kwaikwaye ta a jere da sauran.

Abin da za ka gwada a wayarka kaɗan ne. VICE tana da inji biyu na wannan na'ura, x64sc mai bin kowane bugu da x64 mai sassauci. In ta RetroArch, manhajar da ke tattara manhajojin kwaikwayo wuri ɗaya, kake amfani da ita, duka biyun suna nan, ɗauki mai sassaucin, yawancin wasanni ba za su damu ba. Kashe yanayin tanadin batir, domin rage wa furosesa gudu yake yi. Ka kuma lura da zafi. A Maris da Afrilu na garinmu waya takan rage gudunta da kanta in ta ɗau zafi, balle kana caji kana wasa, cire mata riga ka gani. Akwai kuma wata 'yar girgiza da ba sarƙewa ba ce: wasan yana ba da hoto 50 a daƙiƙa, allon yawancin wayoyi yana sabunta kansa sau 60, ba sa haɗuwa daidai. Kar ka ce za ka gyara ta hanyar mayar da na'urar NTSC ta Amurka, wasannin da aka rubuta a Turai za su yi gudu fiye da kima, wasu ma su lalace.

Kafin in zo kan furojet ɗinka, akwai tambayar da ba ka yi ba amma ita ce za ta buɗe maka ido: shin Commodore 64 za ta iya kwaikwayon Spectrum, tun da sa'o'in juna ne? Yi lissafi. Baƙuwar tana buƙatar 16 na ROM da 48 na RAM, 64 ke nan, gidan ya cika, shi tafintan ina zai kwana? Ba a ma zo maganar cewa Z80 ɗin Spectrum bugu miliyan uku da rabi take yi ba, mai masaukin kuma ɗaya. Shi ya sa da Commodore suka fitar da samfurin 128 a 1985 suna son ta gudanar da shirye-shiryen Z80, ba su yi kwaikwayo ba, Z80 ta gaske suka dasa a ciki kusa da tasu. Inda abin ya yi kyau a wancan zamani shi ne inda harshe ya zo ɗaya. Atari ST da Amiga sun gudanar da shirye-shiryen Macintosh da gudu mai kyau, domin dukansu Motorola 68000 ce a cikinsu, ba a buƙatar fassara, sai dai a kawo ROM ɗin Macintosh a gyara wa baƙo ɗaki.

Wannan lissafin ne zai yanke hukunci kan Arduino Uno, ɗan allon lantarkin nan da ake loda wa shiri. RAM ɗinta kilobayit 2 ne. Kilobayit 32 da kake gani a takardarta ma'ajiyar shiri ce, za ta iya riƙe ROM, amma ba wurin da baƙo zai riƙa rubutu yana gogewa ba ne. Baƙo mai buƙatar 64 ba zai shiga ɗaki mai 2 ba. Za ka iya liƙa mata RAM ta waje, amma kowane karatu zai bi ta siririyar hanya, ga shi bugunta miliyan 16 ne, wato bugu 16 kacal take da su don ta gama duk aikin bugu ɗaya na Commodore, har da hoto da sauti. Ban ba ka shawara ba, za ka ƙare zangon karatu kana kokawa da abin da lissafi ya riga ya kayar.

In Uno ɗin ce kawai a hannunka, sauya baƙo. KIM-1 ta 1976 furosesarta 6502 ce, yayar 6510, RAM ɗinta kilobayit ɗaya, allonta lambobi shida ne masu haske, ba talabijin. An riga an kwaikwaye ta a kan irin IC ɗin da ke cikin Uno, kuma rubuta tafintan 6502 da hannunka, umarni 56 da hanyoyinsu na kiran adireshi, aiki ne da zai ishe ka kare kanka a gaban malamai. In kuwa hoto a allo kake so, nemi Raspberry Pi Pico, mai kilobayit 264 da furosesa biyu masu bugu miliyan 133, ka ɗauki Spectrum mai 48K maimakon Commodore, domin kayan cikinta sun fi sauƙin kwaikwayo nesa ba kusa ba. Ka bar ROM ɗin a ma'ajiyar shiri, ka ware 48 ga baƙuwa, furosesa ɗaya ta yi tafinta, ɗayar ta kula da hoto.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne hoton. Sukan ware wa allo ɗigo 320 sau 240, bayit ɗaya kowanne, 76,800 ke nan, ya fi duk RAM ɗin na'urar da ake kwaikwayo. In suka ce za su ajiye biyu don hoto ya daina ƙyaftawa, fiye da rabin Pico ya tafi. Ba dole ba ne. Ka bar hoton a yadda Spectrum ta ajiye shi, bayit 6,912 ɗin nan, ka riƙa fassara layi ɗaya-ɗaya daidai lokacin da allo ke neman sa, kamar yadda IC ɗinta na asali ke yi. Sai dai ka sani layukan ba a jere suke a ƙwaƙwalwarta ba. An raba allon gida uku, kuma a cikin kowane kashi layin da ke bin na farko a allo yana gaba da bayit 256 ne, ba 32 ba. In ka ga hotonka na farko ya fito a yayyanke kamar an tsaga tabarma an sake jerawa, nan za ka fara dubawa.